Wane Yaren Kwamfuta Ya Fi Kuɗi? Darasi Daga Bompai, Sharaɗa Da Challawa

Duk matashin da ya ƙuduri niyyar koyon rubuta manhaja a yau, tambayarsa ta farko kusan guda ce: wanne zan kama? Python ko JavaScript? Manhajar Android ko ta iPhone? Wanne ya fi guraben aiki, wanne kuma ya fi albashi mai tsoka? Abubuwan da ake tambaya a kansu sababbi ne, amma ita tambayar ta girmi mai yin ta. Kakanninsa sun yi ta a bakin ƙofar kamfanonin Bompai, iyayensa sun yi ta a Sharaɗa da Challawa: masaƙa zan nema ko kamfanin fata? Sashen kaɗi ya fi ko na saƙa? Tunda waɗancan sun riga sun ga inda zaɓinsu ya kai su, yana da kyau mai sabon zaɓi ya waiwaya ya ga yadda ta kaya.

Lokacin da kayan aiki na mai sana'a ne

Kano ta daɗe da sanin tufafi da fata kafin a kafa inji ko ɗaya a cikinta. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yawan tufafin da ake saƙawa a rina a nan, a kai su har Tumbuktu da ƙetaren Sahara. Marinar Ƙofar Mata da karofin Kura suna cikin shaidun wannan zamani. Ita ma fatar jar akuya da majeman ƙasar Hausa ke gyarawa, ayari ke ɗaukar ta zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko.

A wancan tsari, masaƙi shi ke da kayan saƙarsa, majemi shi ke da wuƙarsa da bagaruwarsa. In kasuwa ta mutu a wani gari, yana iya naɗe kayansa ya koma wani. Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗar da ya biyo baya, su suka fara sauya wannan. Kuɗi suka taru a hannun manyan 'yan kasuwa irin su Alhaji Alhassan Ɗantata da kamfanonin Turawa da Kwarori. Daga shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a Bompai: na matsar man gyaɗa, na alawa, na sabulu da turare, na kwanuka. Sabon abu ya shigo rayuwar ma'aikaci: injin da yake ciyar da iyalinsa da shi na wani ne, a ginin wani yake, kuma ba ya naɗuwa.

Zamanin jiniya

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Bompai ta yi wa masu zuba jari kaɗan. A shekarun 1970, ga kuɗin man fetur, ga dokokin 1972 da 1977 da suka tilasta wa kamfanonin waje sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, sai aka buɗe Sharaɗa mataki-mataki har kashi uku, sannan Challawa da ke kusa da kogi, inda kamfanonin fata suka fi yawa saboda aikinsu na shan ruwa. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda a farkon shekarun 1970, Alhaji Nababa Badamasi kuma ya kafa masaƙar Gaskiya a shekarun 1980. Ana haɗa kekunan Raleigh a Kano, ana haɗa manyan motocin Fiat, ana niƙa fulawa a Bompai. Unguwanni irin su Tudun Wada, Gwagwarwa, Dakata da Panshekara suka cika da ma'aikata, jiniya ce ke raba musu dare da rana.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Wani masani ɗan Amurka, Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikinsu a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa da yawansu tsofaffin almajirai ne da 'yan cin-rani daga karkara. Ba su zo da takardar boko ba, a kan injin suka koyi aiki. Kuma ba su yi wasa da haƙƙinsu ba: a 1971 sun yi yajin aiki don a biya su ariyas na ƙarin albashin Adebo, a 1975 kuma ƙarin Udoji ya sake girgiza lissafin kowa.

A lokacin, in ka ce wa matashi ya kwatanta sana'o'i, masaƙa ce za ta yi nasara ta kowace fuska. A faɗin Najeriya akwai masaƙu sama da ɗari, kuma babu wani ɓangaren masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Akwai ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, akwai kuɗin obataya, akwai albashi duk ƙarshen wata. Wanda ya zaɓi masaƙa a 1978 bai yi wauta ba, ya zaɓi abin da ya fi kowanne guraben aiki a ranar.

Abin da ya tsayar da injuna

Injunan ba tsufa ne ya tsayar da su ba, kuma ba ƙwarewa ce ta ƙare wa masu sarrafa su ba. Abubuwa huɗu ne suka taru, babu ko ɗaya da ke hannun ma'aikaci.

Na farko darajar naira. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, cikin shekara guda dala ta koma wajen naira 4, zuwa 1993 kuma ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Kamfanin da ke sayo sinadarin rini da kayan gyaran inji da dala, yana sayar da yadi da naira, sai ya ga ribarsa tana narkewa.

Na biyu wuta. Da Nepa ta kasa, kowane kamfani ya zama mai samar wa kansa lantarki da janareta, ga tsadar gas, ga wahalar samun baƙin mai na tukunyar tururi.

Na uku buɗe ƙofa. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, kuma a farkon 2005 aka soke tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa.

Na huɗu fasa-ƙwauri. Ko lokacin da aka dawo da haramci, atamfa da shadda na ci gaba da kwararowa ta iyakar Nijar zuwa Kantin Kwari, a farashin da masaƙar gida ba za ta iya gogayya da shi ba.

A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. A Kano ma manyan masaƙu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginensu suka koma rumbun ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

A nan ne aka san maci tuwo, don miya ta ƙare. Mutumin da ya shekara 20 yana tsaron injin saƙa iri ɗaya, ya san kukansa, ya san lokacin da zare zai tsinke, ya fita da ilimin da ba mai saye. Da yawa suka koma acaɓa, ita ma aka hana ɗaukar fasinja da ita a birnin Kano a Janairun 2013. Amma ma'aikacin lantarki na kamfanin, da bakanike, da mai walda, da mai juya ƙarfe, da akawun da ya iya lissafi, su ba su rasa abin yi ba. Wutar da ke juya injin saƙa ita ce ke juya injin roba da na casar shinkafa. Na farko ya san inji guda, na biyu ya san abin da ke motsa kowane inji.

Kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa kuwa sun fi masaƙu jurewa, duk da su ma sun ji jiki. Dalili a fili yake: fatarsu ta gida ce, da naira suke sayen ta, kuma a waje suke sayar da ita, Italiya da Sifaniya da Sin, da kuɗin waje. Faɗuwar nairar da ta karya masaƙa ba ta yi musu irin wannan illa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Injunan da ba su da hayaƙi

Duniyar kwamfuta ta yi nata masaƙun, su ma sun tashi sun faɗi. A ofisoshin kamfanonin nan da na gwamnati, mai buga tafireta ya taɓa zama mutum mai daraja. Kwamfuta ta zo, aka koma koyon WordPerfect da Lotus 1-2-3 da dBase a makarantun kwamfuta na kan titi. Yau babu mai ɗaukar ma'aikaci saboda su. Visual Basic 6, wanda ɗalibai da yawa suka yi aikin kammala karatu da shi, ya fito a 1998, kamfanin Microsoft ya daina kula da shi a 2008.

Labarin waya ya fi wannan zafi. Wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, Nokia ta mamaye kasuwa. Wanda ya isa hankali a wajen 2011 zai tuna 2go da Opera Mini, manhajojin da ke aiki a kan ƙananan wayoyi masu Java, zai kuma tuna yadda ake yanga da lambar BBM. A lokacin, mai rubuta manhajar Symbian, wato tsarin manyan wayoyin Nokia, yana kan dandalin da ya fi kowanne yawan masu amfani a duniya. A Fabrairun 2011 shugabannin Nokia suka sanar da cewa sun bar Symbian sun koma Windows Phone. Microsoft ya saye sashen wayar Nokia a 2014, bai yi nisa ba shi ma ya haƙura da Windows Phone ɗin. BlackBerry ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022. Flash na kamfanin Adobe, wanda a da kusan duk bidiyo da wasannin intanet a kansa suke, ya fara gangara tun da Steve Jobs ya ƙi ba shi hanya a iPhone, aka binne shi ranar 31 ga Disamban 2020.

Duk waɗannan, shawarar wani ɗakin taro ce a Finland ko Kanada ko Amurka ta kashe su. Ba a nemi ra'ayin masu rubuta manhajar ba, kamar yadda ba a nemi na mai tsaron injin saƙa ba a 1986.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suka ƙi mutuwa. COBOL an ƙirƙire shi a 1959, har yau manyan bankuna da hukumomi na duniya suna aiki da shi. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, saboda tsarin biyan tallafin marasa aiki ya cushe. Yaren C na 1972 ne, yana nan a cikin kusan kowace na'ura. SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, daga shekarun 1970 yake, kuma babu banki ko asibiti ko kamfanin sadarwa da zai kwana ba tare da shi ba. Waɗannan su ne lantarki da walda na duniyar kwamfuta: ba su da ƙyalli, amma komai a kansu yake zaune.

Kwatanci da ma'aunin Challawa

To, in muka ɗauki ma'aunin da tarihin nan ya bar mana, yaya dandalin yau suke?

Intanet, wato JavaScript da HTML da danginsu, ba mallakar kamfani guda ba ce. JavaScript ya fito a 1995, kowace burauza tana jin sa. PHP ma na 1995 ne, ana yawan raina shi, amma WordPress da aka gina da shi yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya. Nan ne ƙofar shiga ta fi faɗi, ƙananan ayyuka suka fi yawa: shafin makaranta, na shago, na ƙungiya. Faɗin ƙofar kuma shi ne aibinta, don cunkoso ya fi yawa a nan, kuma inda masu neman aiki suka yi yawa farashi yakan faɗi.

Android shi ne a hannun mafi yawan mutanen Kano, wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre zai ga Tecno da Infinix da Itel da Samsung. Buɗe asusun saka manhaja a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya. Sai dai gidan na Google ne: da Java aka fara, a 2017 ya shigo da Kotlin, a 2019 ya ce shi ya fi so. Shi kuwa iPhone, sai kana da kwamfutar Mac, ka kuma riƙa biyan Apple dala 99 duk shekara. Masu iya shi ba su da yawa a nan, masu biya da kyau kuma mafi yawansu a waje suke. Flutter na Google da React Native da Meta ya ƙirƙira suna ba mutum damar rubuta manhaja guda ta hau wayoyin biyu, amma kowannensu daga gidan wani kamfani ya fito.

Java da C# su ne na manyan gidaje: bankuna, kamfanonin sadarwa, hukumomi. Aikinsu ya fi zama daram, sai dai mafi yawan hedikwatocinsu suna Legas da Abuja, don haka Bakano yakan zaɓi ko ƙaura ko aiki daga nesa.

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya fi sauƙin koyo, kuma shi ne a gaba wajen nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Amma shi kaɗai ba ya ciyarwa, sai an haɗa shi da lissafi da ƙididdiga, ko da sanin wani fanni kamar lafiya ko noma ko kuɗi.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba, alhali a ƙofar gida yake. Challawa da Sharaɗa da Bompai ba su mutu ba: ana jima, ana narka roba, ana ɗura lemo, ana casar shinkafa. Sababbin injunan nan, ƙananan kwamfutoci ne da ake kira PLC suke ba su umarni, irin na Siemens da makamantansa. Wanda ya haɗa sanin lantarki da iya rubuta musu umarni, aikinsa ba ya yiwuwa daga wata ƙasa, dole sai ya tsaya a gaban injin. Haka ma kowane kamfani yana buƙatar mai riƙe masa lissafin kaya da albashi da ciniki a rumbun bayanai.

Maganar albashi

Abin da ya fi raba albashin masu rubuta manhaja a Najeriya shi ne wane ne yake biya, kuma da wane kuɗi. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Ɗauki mutum biyu, yarensu ɗaya, ƙwarewarsu ɗaya. Wanda ake biya da dala, albashinsa ya ninka sau uku in an juya shi naira, ba tare da ya ƙara koyon komai ba. Wanda ake biya da naira kuwa, kwamfutar da zai saya ce ta ninka. Wannan shi ne labarin kamfanin fata da masaƙa, ya dawo cikin sabuwar riga.

Amma kasuwar waje ma tana da nata haɗarin. Andela, da aka kafa a 2014 don horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin waje aiki, ta sallami ƙananan ma'aikata kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda a Satumban 2019, ta ce masu ba ta aiki ƙwararru suke nema. Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023. A wannan Nuwamban na 2022 ne ChatGPT ya fito, kuma irin waɗannan manhajoji yanzu suna rubuta sauƙaƙan ayyukan da a da ake ba ɗan koyo. Wanda abin da ya sani bai wuce haddar umarnin yare guda ba, shi ne mai tsaron injin saƙa na wannan zamani.

Ita ma wuta ba ta daina shiga lissafi ba. A Afrilun 2024 kuɗin lantarki na rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Mai kamfani a Sharaɗa ya ji shi, mai aiki daga ɗakinsa a Panshekara ma sai ya tanadi sola ko janareta da data kafin ya karɓi aikin wani.

Tambayoyi uku kafin a zaɓa

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3. Jami'ar Bayero da ta Wudil da sauran makarantu suna yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara. Masu shigowa za su ƙaru, don haka zaɓin yana da nauyi. Tarihin unguwannin masana'antun Kano ya bar mana tambayoyi uku da suka fi tambayar wanne ya fi kuɗi a bana.

Wa ke da dandalin? In kamfani guda ne, ka shiga, amma ka san aro ka yi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Wa zai biya ka, da wane kuɗi, kuma me zai hana shi ya koma wurin wanda ya fi ka araha? In amsar ita ce ka san harkarsa, ka san Kantin Kwari ko Dawanau ko majema, ka iya magana da shi da harshensa, to kana da abin da ba a shigowa da shi ta kan iyaka.

In dandalin ya mutu gobe, me zai rage a hannunka? In ka iya warware matsala daki-daki, ka fahimci yadda ake tsara bayanai, ka iya karanta aikin wani ka gano inda ya karkace, komawa sabon yare aikin 'yan watanni ne.

Saboda haka mai farawa ya kama guda ɗaya daga cikin waɗanda ba na kamfani guda ba, JavaScript ko Python, ya haɗa da SQL, ya daure har ya gina abin da wani zai biya kuɗi ya yi amfani da shi, ko da lissafin buhunan wani ɗan kasuwa ne a Singa. Daga nan ya duba inda aiki yake ya ƙara na biyu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna nan da ransu a Dakata da Tudun Wada da Panshekara, wasunsu iyaye ne ko kakannin masu riƙe da wayar da ake karanta wannan rubutu. Kafin mutum ya biya kuɗin kwas, ya zauna da ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi su wa suka samu aiki a watan da aka rufe kamfaninsu, kuma me suka iya.